Garin Saiwar Sanya a Wani Shagon Gargajiya na Maraɗi

Garin saiwar sanya (bishiyar da ake kira uwar magunguna) da wani shago kusa da babbar kasuwar Maraɗi yake sayarwa ya fi na masu talla tsabta, domin an tankaɗe shi sosai, babu yashi, kuma robarsa a rufe take ruf. Da an buɗe murfin, ƙamshi irin na man zafi yake bugun hanci, wanda yake nuna cewa saiwar ba ta daɗe a ajiye ba. Wannan ƙamshi na sinadarin metil salisilet ne, ɗan uwan asfirin, wanda jiki yake mayarwa salisilet; shi kuma yana rage aikin COX, wani sinadarin cikin jiki mai haɗa sinadaran da suke haddasa kumburi da raɗaɗi. Saboda haka masu shafa garin a gaɓoɓi suna da hujja.

Abin da ya dame ni shi ne takardar jikin robar, wadda ta ce a sha, amma ba ta faɗi adadi ba, alhali saiwar tana ɗauke da saponin, wani sinadari mai kumfa, kuma shan saiwar da yawa guba ne. Ya wajaba mai shagon ya rubuta gargaɗi ga masu juna biyu, da yara, da masu gyambon ciki.