Sharhina kan The Lord of the Rings, bugun da ke da zanen Alan Lee

Jama'a na gama karanta The Lord of the Rings na Tolkien, bugun nan da aka haɗe kashi ukun a kundi ɗaya mai ɗauke da zane 50 na Alan Lee, wanda ya fara fitowa a 1991. Na hannu na saya wajen masu gwanjon littattafai, bangon ya ɗan sha jiki amma ciki lafiya lau. A taƙaice dai ban yi asarar kuɗina ba, kuma zanen nan su ne suka riƙe ni har na kai ƙarshe.

Ni mutum ne da ya tashi da Iliya Ɗan Maiƙarfi da littattafan yaƙi irin namu, inda tun shafin farko sadauki ya zare takobi, boka ya yi tsafi, maridi ya keto ƙasa. To nan ba haka ba ne. Labarin ya buɗe ne da walimar cikar wani tsoho Bilbo shekara 111, sannan sai da aka yi shekara 17 a cikin labarin kafin magajinsa Frodo ya bar gida da zoben tsafin da Bilbo ya bar masa, daga nan kuma tafiya ce kawai, a ci abinci, a rera waƙa, a kwana a daji, a sake tashi, ga wani Tom Bombadil da ko a fim ɗin ba a saka shi ba. Wallahi mai gajen haƙuri a nan zai ajiye. Abin da ya sa ban ajiye ba, duk sanda na fara ƙosawa sai in ci karo da shafin zane, in tsaya in ƙare masa kallo, sai in ji ina son sanin abin da ke gaba.

Alan Lee da fentin ruwa yake aiki, launukansa ba masu ihu ba ne, toka-toka ne da kore mai duhu da ruwan ƙasa, kamar garin da hazo ya rufe da sassafe. Abin da ya fi burge ni shi ne yadda yake ƙanƙantar da mutane. Za ka ga dutse ko bishiya ko gini ya cinye shafin gaba ɗaya, sai ka duba da kyau sannan ka hango matafiyan can ƙasa 'yan mitsi-mitsi. Kuma labarin ke nan ai, ƙaramin mutum mara ƙarfi aka ɗora wa kayan da sarakuna da matsafa suka ji tsoron taɓawa. Zanen hasumiyar Orthanc kam na daɗe a kansa, baƙin dutse mai kaifi-kaifi, kana gani ka san mai gidan ba mutumin kirki ba ne. Ba mamaki daraktan fim Peter Jackson ya ɗauko Lee tare da wani mai zane John Howe suka je Niyuzilan suka tsara kamannin finafinan da suka fito 2001 zuwa 2003, har Lee ya samu kyautar Oscar a 2004.

Shi Tolkien malamin harsuna ne a Jami'ar Oxford, a Afirka ta Kudu aka haife shi a 1892, kuma littafin ya fito ne tsakanin 1954 da 1955, don haka Turancin na da ne, musamman can wajen kashi na uku inda maganar sarakuna take komawa kamar ta fada. Ka ajiye ƙamus kusa. Sunaye ma da yawa, mutum ɗaya sai ka ji Strider, ka ji Aragorn, ka ji Elessar, duk shi ne. Taswirar da ke ciki ta taimaka min sosai, ina karatu yatsana na kanta.

Masoyan littafin a intanet kuwa abin ba a cewa komai. Akwai shafin Tolkien Gateway, kowane suna ka rubuta za ka samu asalinsa da danginsa, a dandalin Reddit kuma akwai masu karatu tare babi-babi, kuma na ga suna karɓar baƙo hannu bibbiyu, ka yi tambayar da aka yi sau dubu su amsa maka har da lambar babi. Suna da musun da ba ya ƙarewa, wai shin dodon nan Balrog yana da fukafukai ko babu, da kuma me ya hana gaggafa su ɗauki zoben su kai shi dutsen da ake son halaka shi a ciki kawai. Duk 25 ga Maris ma ranar karatun Tolkien ce a wajensu. Amma fa hattara, su a ganinsu kowa ya san ƙarshen labarin, don haka kar ka nemi sunan kowa sai ka gama, layin farko za a gaya maka yadda ya mutu.

Inda bai yi min ba: kundin ya yi nauyi, shafi sama da 1000 ne, ba ya karantuwa a kwance kuma ba na sakawa a jaka ba ne. Mata ma sun yi kaɗan a labarin, duk da Eowyn ta biya ni inda ta fito. Waƙoƙin ciki wasu sun yi tsawo.

In fim ɗin kawai ka kalla, akwai babi guda kusa da ƙarshe kan abin da su Frodo suka tarar bayan sun koma gida wanda fim bai nuna ba, ni a wajena ya fi duk yaƙe-yaƙen taɓa zuciya. In za ka saya na hannu ka buɗe ka duba shafukan zanen tukuna, takardarsu daban ce mai sheƙi kuma a tsohon kwafi tana iya ɓallewa.