Sharhi kan wani shagon gyaran waya a Sakkwato: batirin da ya daina riƙe caji bayan sabunta manhaja

A tsakiyar bazara, lokacin da zafin Sakkwato ke haura digiri 40 tun kafin azahar, wayata ta nuna cewa akwai sabuwar manhaja da ke jiran saukewa, ni kuwa na danna amincewa da dare na kwanta. Wayar ta shekara uku a hannuna, kuma kafin wannan dare caji ɗaya yakan kai ni daga asuba har magariba idan ban matsa mata ba. Washegari kafin la'asar ta mutu, bayanta ya yi zafi kamar an jingina ta da murhu, sannan ta tsiro da wata sabuwar ɗabi'a: tana nuna saura kashi 30 cikin ɗari, amma da na buɗe kyamara sai ta ɗauke ɗif. A kwana na biyu na hau kabu-kabu zuwa layin masu waya da ke kusa da Babbar Kasuwa, wurin wani mai gyara da abokin aikina ya kwatanta mini, da niyyar a canja batir in huta.

Shagon ƙarami ne, bai fi mutum huɗu su zauna a bencinsa ba. Akwai akwatin gilashi a gaba cike da caja da murafu, a ciki kuma teburin aiki mai fitila, da mita, da na'urar hura iska mai zafi, da fanka da ke aiki da sola. Mai shagon matashi ne da kowa ke kira Injiniya, yana da yara biyu masu koyon aiki. Da na miƙa wayar na faɗi buƙatata, bai taɓa sukudireba ba, sai ya tambaye ni cikin Sakkwatancinsa: "Malam, yaushe anka yi mata afdet?" Na ce shekaranjiya da dare. Ya ce: "To, kak ka sayi batir yau. Bar ta ta kwana ukku tukuna, mu ga abin da ta ka yi."

Wannan amsa ita ce dalilin rubuta wannan sharhi, domin mai sana'ar da ciniki ya zo masa har ƙofa, da kuɗi a hannu, ya ce a dakata, ba kowace rana ake samunsa ba. Bayanin da ya yi mini kuma daidai yake da yadda waɗannan na'urori ke aiki. Idan aka sabunta babbar manhajar waya, aikin ba ya ƙarewa a lokacin da ta sake kunnuwa. Takan ci gaba da wasu ayyuka a ɓoye: sake shirya ƙananan manhajojin da ke cikinta domin su dace da sabon tsari, sake bin hotuna da saƙonni da fayiloli ɗaya bayan ɗaya domin bincike ya yi sauƙi, da sauke gyare-gyaren da suka biyo baya. A wayoyin Android, tun daga Android 9 na shekarar 2018, akwai tsarin da ke lura da manhajojin da mutum ya fi buɗewa ya taƙaita wa sauran cin wuta, kuma shi ma yana buƙatar kwanaki kafin ya fahimci mai wayar. Duk wannan aiki wuta yake ci, zafi kuma yake haifarwa, shi ya sa kwanakin farko ba su isa a yanke wa batir hukunci ba.

Bai tsaya a baki ba. Ya buɗe shafin batir a cikin saitin wayar, ya juyo mini da allon, ya nuna mini da farce wata manhajar sauke bidiyo da na manta ma da ita, wadda ta zo ta biyu a jerin masu shan caji alhali ban buɗe ta ba tsawon watanni. Tsohuwa ce, ba a sabunta ta ba, tana ta fafutuka da sabon tsari a bayan fage. Ya nemi izinina ya goge ta, ya ce in sabunta sauran idan na sami data, in jona wayar a caji da dare a wuri mai iska. Na tambayi kuɗin dubawa, ya ce babu.

Ina zaune a bencin, wani dattijo da ya kawo wayar ɗiyarsa ya sa baki, ya rantse cewa kamfanoni ne ke aiko da afdet da gangan domin su kashe tsohuwar waya a sayi sabuwa. Injiniya dai murmushi ya yi, amma a ganina zargin dattijon yana da inda ya samo tushe, ko da bai faɗe shi daidai ba. A watan Disamba na 2017 kamfanin Apple ya amsa cewa tun daga sabuntawar manhajar iPhone mai suna iOS 10.2.1, wadda ta fito a farkon wannan shekarar, yana rage saurin wasu wayoyin iPhone masu tsohon batir domin hana su mutuwa ba zato. Bayan ƙorafin jama'a ya rage kuɗin canjin batir daga dala 79 zuwa dala 29 a shekarar 2018, ya kuma ƙara shafin duba lafiyar batir a iOS 11.3. Hukumomin Faransa sun ci shi tarar yuro miliyan 25 a watan Fabrairu na 2020, kuma laifin da suka kama shi da shi shi ne rashin sanar da masu wayoyin. A watan Janairu na 2025 kuma Google ya aika wa Pixel 4a sabuntawar da ta rage yawan cajin da wasu daga cikin wayoyin ke ɗauka, ya yi tayin canja batir kyauta ko biyan diyya. Abin lura shi ne a duka biyun matsalar daga jikin batirin ta faro, manhaja ta zo daga baya ne tana neman lallaɓa shi. Wannan bai wanke wanda ya yi shiru bai sanar ba, amma ya nuna inda ya kamata mai gyara ya fara dubawa.

Bayan kwana huɗu na koma. Zafin ya ragu ƙwarai, cajin ya koma kai ni kusan la'asar sakaliya, amma ɗaukewar nan a kashi 30 tana nan. Sai a lokacin ya yarda ya buɗe wayar. Ya ɗumama murfin baya a hankali har gam ɗin ya saki, ya bi gefe da wani siririn roba, ya ɗaga. Ya kira ni in leƙa: batirin ya ɗan taso a tsakiya kamar burodin da ya fara kumbura, abin da ba a gani daga waje. Ya ce: "Ka gani, Malam? Wanga ya gaji tun tuni, afdet ɗin tona mai asiri ta yi."

Ga abin da ke faruwa a ciki. Batirin lithiyam yana tsufa da kowane zagayen caji, kuma ma'aunin da Apple ya bayar ga iPhone 14 da waɗanda suka gabace ta shi ne batir ya riƙe kimanin kashi 80 cikin ɗari na ƙarfinsa bayan cikakken caji 500, wato ƙasa da shekara biyu ga mai cika waya kullum. Bayan raguwar abin da yake ɗauka, tsohon batir ba ya iya ba da wuta mai yawa a lokaci guda. Kamar rijiya ce a ƙarshen rani: akwai ruwa a ƙasa, mai guga ɗaya zai samu, amma idan mutum biyar suka zura tare sai su taɓo laka. Buɗe kyamara jan wuta ne mai ƙarfi, ƙarfin lantarkin ya faɗi ƙasa da abin da wayar ke buƙata, sai ta kashe kanta, ko da lissafin allo na cewa da saura. Zafi kuma shi ne babban abokin gabar irin wannan batir. Apple kansa yana gargaɗin cewa yanayin da ya wuce digiri 35 na iya lalata ƙarfin batir har abada, mu kuwa a nan watannin Afrilu da Mayu ba su san wannan iyaka ba. A haɗa da wayar da ke aljihu cikin rana, da wadda ake kaiwa shagon caji a jera ta da wasu gommai a kan katako ɗaya kusa da janareta, da wadda ake cusawa ƙarƙashin matashi tana caji, sai a gane dalilin da batir ba ya yin tsawon rai a garin nan.

Ya fito mini da batir iri biyu, bai ɓoye bambancinsu ba. Mai arha, in ji shi, adadin da aka rubuta a jikinsa ya fi abin da ke cikinsa, kuma ba ya ba da garanti a kansa. Ɗayan ya kusa ninka shi a kuɗi, kuma bai kira shi na kamfani ba, cewa ya yi shi ne mafi kyau da ke shigowa kasuwa. Na zaɓi na biyun. Aikin bai kai awa ɗaya ba. Ya fara cire igiyar batir daga allon ciki kafin ya taɓa komai, bai kusanci tsohon da ƙarfe mai tsini ba, ya kankare tsohon gam tas kafin ya sa sabo, ya ɗaure wayar da roba har ta kama. Ya kuma gargaɗe ni cewa duk wayar da aka taɓa buɗewa ba a ƙara amincewa da ita kusa da ruwa. Da na tambaya ko za a iya mayar da tsohuwar manhaja, ya ce ba ya ba da wannan shawara, domin wayoyi da yawa ba sa yarda a koma baya, yunƙurin na iya share komai, kuma sabuntawar tana ɗauke da gyaran tsaro da mai ajiye manhajar banki a waya bai kamata ya rasa ba.

Akwai abubuwan da ban ji daɗinsu ba. Garantin wata ɗaya da baki aka ba ni, sai da na nace kafin aka rubuta mini rasit. Babu layi, wanda ya san mai shagon yakan miƙa wayarsa ta saman kan waɗanda suka riga shi, kuma sau biyu aka yi mini haka. Ɗaya daga cikin yaran ya nemi lambar sirrin wayata tun kafin a fara aiki, alhali canjin batir ba ya buƙatarta. Na ce zan buɗe da kaina idan an zo gwaji, maigidansa kuwa ya goyi bayana, amma wanda bai sani ba zai bayar. Yaron nan dai shi ne ya raka ni ƙofa da shawarar in bar wayar a caji awa takwas kafin in fara amfani da ita, al'adar da aka gada daga batiran nikel na wayoyin da, wadda ba ta da wani amfani ga lithiyam. Irin wannan batir ya fi son a riƙa ƙara masa kaɗan-kaɗan, kada a bar shi ya ƙare ƙaf, kada kuma ya daɗe a cike cikin zafi.

Abin da ya fi damuna shi ne kwalin da ke bakin ƙofa, inda ake jefa tsofaffin batira, da kumburarru da masu lanƙwasa, rana na dukansu kai tsaye. Batirin lithiyam da ya huje ko ya yi zafi fiye da kima yana iya kamawa da wuta, kuma kowa ya san abin da gobara ke nufi a layin shaguna da ke manne da juna. Na faɗa wa Injiniya, ya ce akwai masu zuwa su saye su, zai kuma sa a shigar da kwalin inuwa.

Yau wata biyu ke nan da canjin. Wayar tana kai ni bayan isha'i da saura, kuma ba ta sake ɗaukewa ba ko da caji ya sauka kashi 10. Wata ƙaramar sabuntawa ta sake zuwa a tsakani, ta ɗan yi ɗumi kwana ɗaya ta daidaita da kanta. A makon jiya na koma da wayar maiɗakina da bakin cajinta ya toshe da ƙura. Ya share shi da ɗan buroshi cikin minti biyar, ya ƙi karɓar ko sisi. Kwalin batiran kuwa an matsar da shi ƙarƙashin benci, daidai inda masu jira ke ajiye ƙafafunsu.