Mai gyaran da ba ya saurin cewa "a goge"

A Beirut Road da ke Kano, in ka kai kwamfuta mai Linux, yawancin masu gyara amsa ɗaya za su ba ka: a goge a sa Windows. Akwai wani matashi a wani ɗan shago a saman bene da ba haka yake aiki ba.

Katin biki da na suna nake zanawa da Inkscape a kan Ubuntu 22.04, wani nau'in Linux. Kwatsam manhajar ta fara rufe kanta da zarar na taɓa jerin salon rubutu, ko sallama babu. Da na kai masa, sai ya kunna ta daga tamina, wato tagar da ake buga wa kwamfuta umarni da rubutu. Tana faɗuwa rubutu ya fito: "Segmentation fault", a gabansa "core dumped". Ya ce ma'anarsa manhajar ta taɓa wani wuri a RAM da ba nata ba, Linux ya kashe ta da sigina ta 11, amma ya adana abin da ke ƙwaƙwalwarta a daidai lokacin.

A Ubuntu, wani shiri mai suna Apport ne ke kwashe wannan ya ajiye a matsayin fayil a jakar /var/crash. Matashin ya warware fayil ɗin da umarnin apport-unpack, ya buɗe shi da gdb, manhajar binciken matsala, ya buga haruffa biyu, bt, don ganin inda Inkscape ta faɗi. Layuka suka zubo. Ni dai ban gane komai ba, shi kuwa ya ɗora yatsa a kan libfreetype, ɓangaren da ke kula da salon rubutu, ya ce, "Yallaɓai, ina ka kwaso waɗannan salon rubutun?" Daga filashin wani abokin sana'a ne. Ashe guda ɗaya a ciki ya lalace. Ya cire shi, ya buga fc-cache don sabunta jerin salon rubutun, shi ke nan. Aikin mutanen da ke kan kwamfutar ko ɗaya bai salwanta ba.

Ya kuma ja min kunne kada in tura wa kowa irin wannan fayil haka kawai, don kalmar sirri ma tana iya kasancewa a ciki.

Shagon dai sai haƙuri. Benci ɗaya ne, ga zafi, in aka ɗauke wuta ƙarar janareton maƙwabta ba ta barin ka ji bayaninsa, shi kuma dama ba mai yawan magana ba ne, sai ka tambaya. Rasit ma ba ya bayarwa.

In za ka je, tafi da cajarka, kuma kada ka yi jinkiri: Apport yana share fayilolin /var/crash da suka wuce mako ɗaya.