Panta da kifin ilish a Dhanmondi: shinkafar ta burge ni, kifin ya ɓata mini rai

Na shekara biyu ina karatu a Gazipur, a ƙasar Bangladesh, kafin na yarda in ci abincin sabuwar shekarar Bengali a gidan abinci, duk da cewa abokan karatuna 'yan ƙasar sun sha gaya mini cewa Pohela Boishakh, wato ranar farko ta sabuwar shekarar, ba ta cika sai da panta (shinkafar da ta kwana cikin ruwa) da kifin ilish. Ranar 14 ga Afrilun 2024, wadda ta buɗe shekara ta 1431 a kalandarsu, muka yi sammako zuwa Dhaka, muka saurari mawaƙan ƙungiyar al'adu ta Chhayanaut a lambun Ramna cikin jama'a masu fararen tufafi da jajaye, sannan da rana ta take muka shiga wani gidan abinci a unguwar Dhanmondi wanda ya cika Facebook da tallar farantinsa na musamman.

Kifin shi ne abin da ya kai ni, kuma shi ne ya ba ni haushi. Hoton tallar ya nuna yanka mai kauri, amma abin da aka ajiye a gabana siririn yanki ne da bai kai faɗin tafin hannu ba, ya huce, ya bushe, kuma ga dukkan alamu tun safe aka soya shi. Ilish dama kifi ne mai yawan ƙananan ƙayoyi, abin da ke sa mutum ya yi haƙuri da su shi ne maiƙonsa da ƙamshinsa, to wannan ba shi da ko ɗaya, sai warin firji. Abokina ya kira mai hidimar da “mama”, wato kawu a harshensu, kamar yadda suke yi, ya roƙe shi ya canza mana, amma ya ce babu wani sai irinsa. A nan ne abokin nawa ya bayyana mini cewa kakar ilish damina ce, kuma a watan Afrilu gwamnati tana hana kama ƙananansa da suke kira jatka, saboda haka yawancin wanda ake sayarwa a wannan rana ajiyayye ne, ga shi an ninka kuɗinsa. Da sun faɗi haka a tallarsu da ban ji an cuce ni ba.

Gaskiya kuwa panta ta kwantar mini da hankali. Dafaffiyar shinkafa ce da ta kwana cikin ruwa har ta yi ɗan tsami, aka kawo ta a kaskon ƙasa da gishiri, ɗanyar albasa da koren barkono, kuma a irin zafin da aka yi a ranar ta sanyaya mini ciki yadda fura take yi. Bhorta na dankalin turawa da na gasasshen yalo, waɗanda aka murje da ɗanyen man mustad, sun yi daɗi har na nemi ƙari. Abincin manoma ne tun asali, haɗa shi da ilish al'adar birni ce da ta zo daga baya, kuma na ga dalilin da ya sa shinkafar take iya tsayawa ita kaɗai.

Na kusa yafe musu, sai takardar kuɗi ta zo ɗauke da kuɗin hidima da ba a ambata ba, ga cikakken kuɗin faranti alhali mishti doi, kindirmon nan nasu mai zaƙi da ke cikin jerin, ya ƙare tun kafin mu zauna. Ban koma wurin ba, kuma ilish na gaskiya sai a watan Satumba na ci shi, a gidan iyayen abokin nan nawa, an dafa shi cikin miyar mustad.