Ɓeran SHR da ɓeran WKY: ina suka rabu idan aka tsokani jijiyar saƙo?

Ƙanwata, na ga tambayarki a zauren nan. Kin ce a karatunku na kiwon lafiya a Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo an kawo muku ɓerayen gwaji iri biyu, SHR da WKY, kina son sanin me ya raba su, kuma ko hawan jinin daga jijiyoyin saƙo (masu kai umarnin ƙwaƙwalwa ga sassan jiki) yake tasowa ko daga kaurin bangon jijiyar jini. To, bari in ajiye miki su kafaɗa da kafaɗa.

Tsatsonsu ɗaya ne. A Kiyoto ta ƙasar Japan, masu bincike Okamoto da Aoki suka riƙa zaɓen ɓerayen da hawan jininsu ya ɗara na saura suna haɗa su, har a 1963 suka sanar da irin da jininsa ke hawa da kansa, ba gishiri ba tiyata. Shi ne SHR. WKY daga garken nan ya fito, amma jininsa lafiya lau, shi ya sa ake auna SHR da shi. Tun yana ɗan sati 5 zuwa 6 jinin SHR ke fara hawa, in ya girma ya kai 180 zuwa 200, wato tansiyo 18 zuwa 20 a irin faɗar da muka saba ji a likita nan Maradi.

Yanzu ga inda aikin yake. Ana ciro ƴar jijiyar jini daga rigar hanjin ɓeran, siririya kamar zare, a yanko zobe, a zura masa wayoyi biyu, a tsoma cikin ruwan gishiri mai ɗumin digiri 37 da ake hura wa iska. Sai a sakar masa wutar lantarki ƙyas-ƙyas, daidai wadda za ta ta da jijiyoyin saƙon da ke nannaɗe da bangon ba tare da ta taɓa tsokar bangon kanta ba. Tsokar ta matse, na'ura ta zana ƙarfin matsewar. Don a tabbatar aikin jijiyar saƙo ne, sai a ɗiga tetrodotoksin, dafin wani kifin teku mai toshe saƙon. In zanen ya kwanta, magana ta ƙare.

A jikin WKY, jijiyar saƙo na sakin sinadarai biyu masu sa tsoka ta matse, noradirenalin tare da ATP. ATP ne ke kawo fizgar farko mai sauri, noradirenalin kuma ya biyo da matsewa a hankali mai daɗewa. Wani mai bincike, Geoffrey Burnstock, shi ne ya tsaya kai da fata tun shekarun 1970 cewa jijiyar saƙo ɗaya na iya sakin sinadari fiye da ɗaya, aka daɗe ana musu da shi kafin a yarda. A jikin SHR sinadaran nan ne dai, sai dai komai ya yi yawa: zaren jijiyoyin saƙo sun fi cunkushewa a bangon, noradirenalin da ke fita ya fi yawa, bangon ya fi kauri, ramin da jini ke bi ya fi ƙunci. Wutar da za ta sa jijiyar jinin WKY ta ɗan tsuke, ita ce za ta sa ta SHR ta damƙe. Kin taɓa ganin mai ban-ruwa a lambunan Jiratawa ya danne bakin tiyo da babban yatsa? Ruwan bai ƙaru ba, hanya ce ta matse, ƙarfinsa ya tashi.

Akwai gefen da ɗalibai ke tsallakewa, ni kuwa a ganina shi ya fi ban sha'awa. Ba duka jijiyoyin saƙo ke matsewa ba. Akwai masu sakin wani sinadari, CGRP, da ke sassauta tsokar. A jijiyoyin jinin hanjin SHR wannan sassautawar na raguwa yayin da ɓeran ke manyanta, fiye da yadda take raguwa a WKY. Ke nan mai matsewa ya ƙaru, mai saki ya ja baya. 

Wanne ya riga wanne, jijiyar saƙo ko kaurin bango? Ni na karkata ga jijiyar saƙo. Yawaitarta na bayyana tun ɓeran na jariri, jininsa bai kai ga hawa ba. Kuma da aka lalata waɗannan jijiyoyin a jarirai SHR da maganin guwanetidin haɗe da abin da ke hana su tsiro, jinin bai hau kamar na ƴan uwansu ba, bangon ma bai yi kaurin da ya saba ba. Jijiyar saƙo ba matse tsoka kawai take yi ba, tana ciyar da ita gaba har ta yi kauri. Amma in kaurin ya riga ya zauna, shi ma sai ya riƙe jinin a sama. Saboda haka duk binciken da kika karanta, fara duba shekarun ɓeran, don ɗan sati 4 da ɗan wata 6 ba za su ba ki amsa ɗaya ba. Ki kuma sani an rarraba WKY a duniya tun irin bai gama daidaita ba, na wannan ɗakin bincike na iya bambanta da na wancan.

Roƙona ɗaya: kada ki ɗauko sakamakon ɓera ki ɗora wa Baba ko Inna kai tsaye. In da ɓeran muke bi, da maganin da ke toshe aikin noradirenalin a bangon jijiya ne kan gaba. Amma a babban gwajin ALLHAT na Amurka, a shekarar 2000 aka dakatar da rukunin masu shan dokzazosin, wanda irin wannan maganin ne, don gazawar zuciya ta fi yawa a cikinsu. Gwajin CREOLE kuwa, da aka yi a ƙasashe 6 na Afirka aka buga a 2019, ya nuna haɗin magungunan da ke da amlodifin a ciki ya fi sauke jinin mutanenmu. Shi amlodifin bai damu da jijiyar saƙo ba, ƙofar da kalsiyam ke shiga tsokar yake rufewa, ko wa ya ba da umarnin matsewa. In akwai mai tansiyo a gidanku, a ci gaba da maganin da lokotoro ya rubuta, a rage gishiri da dunƙulen miya, a riƙa zuwa awo.