Sharhi Kan Kwas ɗin WhatsApp Game da Yadda Muƙami Ke Sauya Halin Mutum

Wata cibiyar horas da ma'aikata da ke Kano tana gudanar da wani kwas da harshen Hausa ta WhatsApp, wanda aka tsara domin shugabannin makarantu da manyan ma'aikatan jinya da masu kula da shaguna da ma'aikatu. Abin da kwas ɗin ya ƙunsa shi ne yadda matsayin da aka ɗora mutum a kai yake sauya ɗabi'unsa, kamar yadda masana ilimin halayyar ɗan'adam suka nazarce shi. Na bi shi har ƙarshe, kuma ina ganin ya cancanci kuɗinsa, sai dai akwai darasi guda da ya kamata a sake shi tun daga tushe, domin shi ne wanda ɗalibai suka fi riƙewa.

Ana turo darussan ne da saƙon murya, kowanne da ɗan taƙaitaccen rubutu, sautin yana fita tsaf kuma ba ya cin data da yawa. Zaman tambaya da amsa na mako-mako ta Zoom shi ne mai rauni, domin waɗanda suke garuruwan da sabis ba shi da ƙarfi sukan katse, ba a kuma turo musu abin da ya wuce su daga baya.

Darasin da ya fi ƙarfi shi ne wanda aka gina kan binciken Seymour Lieberman na shekarar 1956. Lieberman ya auna ra'ayoyin ma'aikatan wata masana'anta a Amurka, sannan ya sake auna su bayan an ɗaga wasunsu zuwa matsayin masu kula da leburori, wasu kuma an zaɓe su wakilan ƙungiyar ƙwadago. Waɗanda aka ɗaga sun karkata zuwa ga hukumar masana'antar, wakilan ƙwadago kuwa sun ƙara kusantar ƙungiya, kuma da tattalin arziki ya taɓu aka mayar da wasu daga cikin masu kula da leburorin gurbinsu na da, sai ra'ayoyinsu ma suka koma inda suka fito. Malamin kwas ɗin ya yi amfani da wannan wajen amsa ƙorafin da kowa ya sani a wuraren aikinmu, wato cewa wane ya canza tun da ya samu kujera. Bayaninsa shi ne mutumin da aka ɗora masa alhakin biyan albashi da kare kasafi yana fara jin wasu bayanai da bai saba ji ba, yana zama da wasu mutane daban, ana kuma auna shi da wani ma'auni daban, don haka ba dole ba ne sauyin nasa ya zama munafunci.

Ga ma'aikatan jinya an kawo binciken Charles Hofling na 1966, inda wani da ya ce shi likita ne ya buga waya ya umarci a ba majinyaci wani magani ninki biyu na iyakar da aka rubuta a kwalbar, sai ma'aikatan jinya 21 cikin 22 suka tashi za su bayar kafin a tsayar da su. Tattaunawar da ta biyo baya, kan yadda ƙaramin ma'aikaci zai tambayi na sama da shi ba tare da an ɗauka raini ba ne, ita ce mafi amfani a duk kwas ɗin. Na kuma ji daɗin yadda malamin ya ɗauko misalai daga rayuwar Hausawa: uwar da ba ta kiran sunan ɗan farinta, da wasan da ke tsakanin jika da kaka ko tsakanin taubasai, da yadda mutum yakan rage magana da dariya a bainar jama'a daga ranar da aka naɗa masa rawani. Mutum ɗaya ne a duk waɗannan wurare, amma kowane matsayi da irin abin da ake jira daga gare shi.

Matsalar tana darasin gwajin gidan yari na Jami'ar Stanford. An ba da labarin yadda aka saba bayarwa: a watan Agusta na 1971 Philip Zimbardo ya zaɓi matasa 24, ana biyan kowa dala 15 a rana, aka raba su ta hanyar ƙuri'a zuwa fursunoni da gandirobobi a ƙarƙashin ginin sashen ilimin halayya, aka shirya yin mako biyu amma aka dakatar bayan kwana shida saboda cin zarafin da ya ɓarke. Daga nan malamin kwas ɗin ya yanke hukuncin cewa kaki da kujera kaɗai sun isa su mayar da mutumin kirki azzalumi. Wannan hukunci bai tsaya da ƙafafunsa ba a yau. Zimbardo da kansa ne ya riƙe matsayin shugaban gidan yarin, ya kuma yi wa gandirobobin jawabi tun farko kan yadda za su sa fursunoni su ji ba su da wani iko. Binciken da Thibault Le Texier ya yi a taskar takardun gwajin, wanda ya wallafa a 2018 da 2019, ya nuna an riƙa yi wa gandirobobin jagora, har akwai faifan da aka ji ɗaya daga cikin masu gudanar da gwajin yana matsa wa wani gandiroba mai sassauci ya ƙara tsanani. Duk da haka ba dukansu ne suka yi zalunci ba, wasu ma sun riƙa tausaya wa fursunonin. A 2007 Thomas Carnahan da Sam McFarland sun nuna cewa tallar da ta ambaci rayuwar kurkuku, irin wadda aka nemi matasan gwajin Stanford da ita, tana jawo masu neman shiga da suka fi karkata ga faɗa da son mulki. Sannan da Alex Haslam da Stephen Reicher suka yi irin wannan gwaji a Ingila, wanda BBC ta nuna a 2002, gandirobobin sun kasa haɗa kai, fursunonin ne ma suka rushe tsarin.

Babu ko ɗaya daga cikin waɗannan a kwas ɗin, kuma wannan gibi ya dame ni matuƙa saboda irin mutanen da ake koyarwa. Shugaban makarantar da aka gaya masa cewa matsayi ne da kansa yake lalata mutum zai ga prifet yana dukan ƙananan ɗalibai ya ce haka abin yake. Wanda aka gaya masa cikakken labarin kuwa zai tambayi kansa abin da ya faɗa wa prifet ɗin ranar da ya naɗa shi, da irin halin da yake yabawa a gaban asambuli, da wanda yake kawar da kai daga gare shi.

Ina ba sababbin shugabanni shawarar su yi kwas ɗin, musamman waɗanda aka ɗaga su a kan abokan aikinsu na jiya. Ita kuma cibiyar, ina roƙonta ta sake naɗar darasin Stanford da bayanan da suka fito daga baya, ta kuma riƙa turo faifan zaman Zoom ga waɗanda sabis ya katse.