Filasta ko safar hannu ga mai koyon kiɗan gyil?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko filasta ko safar hannu ce za ta hana maka bororo a yatsa wajen koyon kiɗan gyil. Filasta za ka saya, farar nan ta yadi da masu kemis ke kira zinc oxide.

Bororon da ke fito maka daga riƙo yake. Masu kaɗa gyil, wato balafon (jerin itatuwa da ake bugawa da sanduna) na ƙabilar Dagara ta arewa maso yammacin Ghana, tsakanin manuniya da yatsan tsakiya suke saƙala sandar, kuma sandar mai kauri ce, kanta roba. Duk bugu itacen sai ya gogi gefen yatsa, ga gumi ya jiƙa fata. Gogayyar ce ke raba fatar sama da ta ƙasa, ruwa ya taru a tsakani.

Wani dattijo a Nandom, wani gari a yankin Dagara, ne ya koya mini naɗin. Ya ga ina ta hura yatsa, ya yi dariya, ya kamo hannuna ya share shi da gefen rigarsa har ya bushe, sannan ya naɗa filastar daidai inda sanda ke zama, ya bar gaɓa a buɗe. Ya ce in dunƙule hannu in gani. Ranar har dare muka kai muna kiɗa, ko raɗaɗi ban ji ba. Da ka ji wuri ya fara zafi ya yi ja, a nan ake naɗawa, tun ruwa bai taru ba. Kada ka matse har kan yatsa ya yi sanyi, kuma ka cire in ka gama don fata ta sha iska. Ka riƙa yin kiɗan kaɗan-kaɗan kullum har wurin ya yi kanta, daga nan filastar ma sai ranar biki.

Safar hannu kuwa, tawa tana ƙasan akwati. Sanda sai zamewa take, ka ƙara damƙa, gumi ya cika ciki.

Bororon da ya riga ya fito, in ƙarami ne bar shi, ka rufe kawai. In ya yi girma yana hana ka riƙo, wanke hannu, goge allura da sifirit, huda gefe, matse ruwan, amma kada ka yage fatar saman, ita ce murfin ciwon. Shafa Vaseline, ɗora bandeji, sannan filasta a kai. Kada gam ya taɓa ciwon. In ka ga mugunya, ko jan yana yaɗuwa, ko kana da ciwon suga, asibiti kai tsaye.

Ba ka tambaya ba, amma ka kula da masu talla a tasha. Filastar da ta sha rana a faranti gam ɗinta ya mutu, da gumi ya taɓa ta sai ta saɓule. Duba ranar ƙarewar aiki a jikin kwali. Haka masu sayar wa 'yan yawon buɗe ido balafon na ado, sandunansu kaushi gare su, an dai shafe da fenti don ido. Ka shafa da yatsa kafin ka biya, in ka riga ka saya kuma ka goge da samfefa.